Hazo, Hayaƙi da Huhu: Abin da Alƙaluman Gurɓatar Iska Ke Nufi a Cikin Ƙirji

Duk shekara idan hunturu ya kama, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da sanarwar cewa hazo zai sauka a jihohin arewa, ta gargaɗi direbobi da kamfanonin jiragen sama, ta kuma shawarci masu asma da sauran cututtukan numfashi su yi hattara. A 'yan shekarun nan an samu ƙari a kan wannan, domin wayoyin hannu da yawa suna nuna ma'aunin ingancin iska, mutum ya duba ya ga an rubuta PM2.5 da wata lamba cikin jan launi a gefenta, ba tare da an taɓa yi masa bayanin abin da ake aunawa ba. Sannan ga sababbin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ranar 22 ga Satumba, 2021, waɗanda suka rage adadin ƙurar da ake ɗauka mai sauƙin illa zuwa rabin abin da aka amince da shi a 2005.

Wannan ya raba kan jama'a. Wasu suna ganin alƙaluman sun nuna cewa duk wanda ke zaune tsakanin Maiduguri da Yamai guba yake shaƙa, wasu kuma suna cewa tun kaka da kakanni ake rayuwa da ƙurar hunturu, mura ce kawai da tari, idan damina ta faɗi sai su wuce. Ba za a iya raba wannan gardama ba sai an san yadda hanyar numfashi take, domin illar duk wani abu da ke yawo a iska ta dogara ne da girmansa, da inda zai tsaya a cikin ƙirji, da kuma ko jiki yana da hanyar fitar da shi daga wurin.

Hanyar da iska ke bi

Babban mutum da ke zaune yana hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowane jan numfashi kuma yana shigar da iska kimanin rabin lita. Idan aka tara, abin da ke shiga ƙirjinsa a yini da kwana ya kai lita 10,000 ko fiye, wato ya ninka abin da yake ci da sha sau dubbai.

Hanci ne zango na farko, kuma aikinsa ya wuce na ƙofa. Gashin da ke bakinsa yana tare manyan tarkace. Can ciki akwai wasu ƙasusuwa masu lanƙwasa, uku a kowane ɓangare, lulluɓe da tantani mai danshi da yawan hanyoyin jini, waɗanda ke tilasta wa iska ta yi ta karkacewa kafin ta wuce. A wannan karkacewar ce iska ke ɗumama, ta ɗauki danshi, ƙwayoyin ƙura masu nauyi kuma su kasa shan kwana su manne a majina. Shi ya sa wanda ya wuni a kasuwa ranar hazo, idan ya fyace hanci da yamma, yake ganin majinarsa ta koma ruwan ƙasa. Abin da ya gani a hankicinsa ƙura ce da aka hana wucewa. Mai numfashi ta baki, ko don mura ta toshe masa hanci ko don yana aikin ƙarfi, ya tsallake wannan zango gaba ɗaya.

Daga hanci iska na gangarawa maƙoshi, inda hanyarta ke haɗuwa da ta abinci. A nan akwai wani ɗan murfi na guringuntsi da ke rufe hanyar iska duk lokacin da aka haɗiye wani abu, kuma idan ya makara ne mutum ke ƙwarewa. Ƙarƙashinsa akwatin murya yake, sai kuma bututun iska, mai tsawon santimita 10 zuwa 12, wanda zobban guringuntsi 16 zuwa 20 ke riƙe da shi don kada ya lotse. A tsakiyar ƙirji bututun ya rabu biyu. Reshen dama ya fi na hagu faɗi da miƙewa, saboda haka idan yaro ya shaƙi ƙwayar gyaɗa ko wake, galibi ta dama take faɗawa. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, domin ya bar wa zuciya wuri.

Kowane reshe yana sake rabuwa biyu, su ma su sake rabuwa, har kimanin sau 23, kamar yadda masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Suwizalan, Ewald Weibel, ya ƙididdige a 1963. Rassan matakai 16 na farko hanya ce kawai, jini ba ya ɗaukar komai a cikinsu, kuma kusan mililita 150 na kowane numfashi a nan yake tsayawa ya koma waje yadda ya shigo. Ƙananan rassan ba su da guringuntsi, tsoka ce ke zagaye da su, kuma wannan tsokar ce ke tsukewa idan asma ta tashi, har a ji numfashin mutum yana fito.

Inda jini ke haɗuwa da iska

A ƙarshen rassan akwai 'yan jakunkunan iska, waɗanda yawansu a ƙirjin babban mutum ya kai miliyan 300 zuwa 500. Da za a shimfiɗa bangonsu, faɗinsa zai kai murabba'in mita 50 zuwa 100. Kowace jaka tana naɗe da siraran hanyoyin jini, kuma tantanin da ya raba iska da jini bai kai maikiron ɗaya kauri ba, alhali maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ta wannan tantani iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini, iskar kabon dayoksaid da jiki ya gama da ita kuma ta fito. Iskar da ake shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda ake fitarwa kuma kusan kashi 16, yayin da kabon dayoksaid ke tashi daga abin da bai kai rabin kashi ɗaya ba zuwa kimanin kashi 4.

Jini ba ya ɗaukar oksijin a narke sai ɗan kaɗan. Kusan kashi 98 cikin 100 yana tafiya ne manne da himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. 'Yar na'urar da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa a asibiti, wadda mutane da yawa suka fara sani a lokacin korona, tana auna kaso nawa ne na himogulobin ke ɗauke da oksijin. Ga mai lafiya lambar takan kasance 95 zuwa 100.

Sirantar wannan tantani ita ce amfaninsa, ita ce kuma rauninsa. Ba shi da majina mai kauri da za ta kare shi, domin da yana da ita oksijin ba zai ratsa ba. Abin da ke shafe a cikin jakunkunan wani ruwa ne mai santsi da ke hana su mannewa idan an fitar da numfashi, kuma rashin isasshensa ne ke sa jariri bakwaini ya sha wahalar numfashi. Duk abin da ya iso wannan wuri ya iso inda ba shi da nisa da jini.

Abin da ke jan numfashi

Huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa da ita. Aikin na wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, tare da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. Tsarin ya yi kama da zugazugin maƙeri: idan tsokar ta ja ƙasa, haƙarƙari suka buɗe, wuri ya ƙaru a ƙirji sai iska ta kwararo ta cike shi, idan ta saki kuma huhu ya koma girmansa da kansa ya turo iskar waje. A lokacin hutu, fitar da numfashi ba ya cin ƙarfi. Idan aka ga mutum yana nishi wajen fitarwa, ko fatar da ke ƙasan haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, alama ce cewa hanya ta tsuke ko huhun ya yi tauri.

Umarnin yin numfashi daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, ba tare da mutum ya yi niyya ba. Abin da wannan sashe ya fi sa wa ido shi ne yawan kabon dayoksaid a jini, kuma hauhawarsa ce ke sa mai riƙe numfashi ya ji dole ya saki. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi a jikin manyan jijiyoyin wuya da ke lura da raguwar oksijin, amma ba sa ƙara ƙaimi sosai sai ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan bambanci yana da muhimmanci idan an zo maganar hayaƙin gawayi da na janareto.

Yadda jiki ke share hanyarsa

Daga hanci har zuwa ƙananan rassa, hanyar iska tana shimfiɗe da majina siririya, a ƙarƙashinta kuma akwai miliyoyin siraran gashi da ido ba ya gani, masu kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa, duka suna tura majinar zuwa maƙoshi. Abin da ya manne a cikinta a hankali yake haurowa, a haɗiye shi ba tare da an sani ba, ko a yi kaki a tofar. Tari da atishawa taimakon gaggawa ne idan kayan sun yi yawa. Wannan tsari yana son danshi. A tsakiyar hunturu, lokacin da danshin iska a birane kamar Kano da Damagaram ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, majina takan bushe ta yi kauri, gashin su rage sauri, tantanin hanci ya tsage har a yi haɓo. Hayaƙin taba ma yana kashe kuzarin gashin, shi ya sa mashayi ke tashi da tari da asuba.

Jakunkunan iska ba su da wannan gashi. Masu tsaronsu wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ke yawo suna haɗiye duk baƙon abu. Suna iya narkar da ƙwayar cuta, amma ba sa iya narkar da dutse. Idan ƙurar duwatsu mai sinadarin silika ta yi musu yawa, irin wadda masu fasa dutse da masu niƙa ma'adinai ke shaƙa shekara da shekaru, sukan mutu da ita a cikinsu, wurin ya kumbura ya bar tabo. Tabon huhu ba ya gogewa, kuma mai ɗauke da shi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka.

Ma'anar PM10 da PM2.5

Waɗannan lambobi girman ƙwayoyin da ke yawo a iska suke nunawa. PM10 na nufin duk ƙwayar da faɗinta bai wuce maikiron 10 ba, PM2.5 kuma wadda ba ta wuce maikiron biyu da rabi ba. Silin gashin kai yana da faɗin maikiron 50 zuwa 70. An zaɓi waɗannan iyakoki ne bisa ƙirar hanyar numfashi: abin da ya fi maikiron 10 galibi a hanci da maƙoshi yake tsayawa, na tsakanin 10 da 2.5 yakan kai bututun iska da rassansa inda gashi ke iya fitar da shi, wanda bai kai 2.5 ba kuwa yana bin iska har cikin jakunkuna. Akwai waɗanda suka fi haka ƙanƙanta, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na maikiron, da bincike ya nuna wasunsu na iya ratsa tantani su shiga jini. Lambar da ake gani a waya kuma ko dai nauyin ƙwayoyin ne, maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) nawa a kowace kubik mita ta iska, ko kuma maki ne da aka lissafa daga wannan nauyi aka raba shi launi-launi.

Ba a wayi gari da waɗannan ma'aunai ba. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na 'yan kwanaki, aka ƙiyasta mutum 4,000 sun mutu nan take, daga baya masu bincike suka ce adadin na iya kaiwa 12,000. Wannan ya tabbatar da cewa hayaƙi mai yawa yana kisa. Tambayar da ta rage ita ce ko ɗan kaɗan na yau da kullum ma yana yi. A 1993 masanan Jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon bin diddigin mutane fiye da 8,000 a birane shida na Amurka, inda suka gano cewa mazauna biranen da suka fi ƙananan ƙwayoyi a iska sun fi mutuwa da wuri, ko bayan an cire tasirin shan taba. A 2013 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gurɓatacciyar iska cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin huhu.

Ƙa'idojin 2021 sun rage matsakaicin PM2.5 na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5, na yini guda daga 25 zuwa 15, sannan PM10 na shekara daga 20 zuwa 15. Dalilin hukumar shi ne binciken baya-bayan nan ya ci gaba da nuna illa ko a wuraren da iskarsu ta cika tsohuwar ƙa'ida. Ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokaci a 2019, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan adadi ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne. Wannan na ba mutane mamaki, amma ya yi daidai da abin da aka sani na jiki: kumburin da ya fara a jakunkunan iska ba ya tsayawa a can, yana shafar bangon hanyoyin jini da saurin daskarewarsa.

Daga ina ƙurar hunturu take

Babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Dubban shekaru da suka wuce wurin yana ƙarƙashin ruwan Tafkin Chadi ne, lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi. Manyan ƙwayoyin suna zubewa a hanya, ƙananan su ne ke isowa Borno da Kano da Maraɗi, wasu ma har su tsallaka Tekun Atilantika. Saboda haka hazon da ke mayar da rana fara, a kalle ta ido da ido, yana ɗauke da kaso mai yawa na ƙwayoyin da ke iya shiga can cikin huhu.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko a kan ko ƙurar hamada da hayaƙin ƙonewa illarsu ɗaya ce. Masu cewa ba ɗaya ba ce suna nuni da cewa yawancin binciken da aka gina ƙa'idojin a kansu an yi su ne a Turai da Amurka, inda PM2.5 ke fitowa daga injuna da masana'antu, ɗauke da toka da ƙarafa da sinadarai masu guba, alhali ƙurar hamada galibinta ƙasa ce. Suna kuma cewa binciken da aka yi a biranen kudancin Turai kan ranakun da ƙurar Sahara ke sauka bai ba da amsa guda ba, wasu sun ga ƙaruwar mace-mace, wasu ba su gani ba.

Ɗaya ɓangaren suna cewa ƙurar tana da silika, tana ɗauko ƙwayoyin cuta da na funfuna, kuma idan ta shigo gari tana cakuɗuwa da hayaƙin motoci da na bola. Sukan kafa hujja da binciken da masana a Jami'ar Stanford da abokan aikinsu suka wallafa a 2020, wanda ya haɗa bayanan tauraron ɗan'adam kan ƙurar Bodele da bayanan haihuwa a ƙasashen Afirka, ya kuma gano cewa ƙarin maikirogiram 10 a matsakaicin shekara yana tafiya da ƙarin mutuwar jarirai da kusan kashi 24 cikin 100. Akwai kuma daɗaɗɗen abin lura cewa annobar sanƙarau a yankin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha tana tashi ne a lokacin rani ta lafa da zuwan damina. Ƙwayar cuta ce ke haddasa sanƙarau, ƙura ba ta haifar da shi, amma masana da dama suna ganin bushewa da ƙura suna raunana tantanin hanci da maƙoshi har ƙwayar da ke zaune a wurin ta samu hanyar shiga jini. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ware wa ƙurar hamada wata lamba ta daban ba, domin a ganinta hujjar ba ta kai a yi hakan ba, sai dai ta ba da shawarwarin yin gargaɗi da wuri da rage shaƙa. Abin da hujjojin da ke hannu za su iya ɗauka shi ne cewa ƙurar hunturu tana cutarwa, musamman ga jarirai da masu ciwon ƙirji, amma ba a tabbatar ta kai hayaƙi muni nauyi da nauyi ba.

Saɓani na biyu na manufa ne. A yankin Sahel ƙurar da iska ke kawowa kaɗai ta zarce maikirogiram 5, ko da an kashe kowane inji, saboda haka wasu ke ganin ƙa'idar ba ta da amfani ga gwamnatin da ba ta da iko da hamada. Masu kare ta suna cewa ƙa'idar ba doka ba ce, bayani ne na abin da huhu ke iya jurewa, kuma huhun ɗan Agadas bai bambanta da na ɗan Jamus ba. Suna ƙara da cewa hukumar ta tanadi matakan wucin gadi, 35 da 25 da 15 da 10, domin kowace ƙasa ta sauko a hankali. Ko ƙasashe masu arziki ba su ɗauki 5 a matsayin doka ba: Amurka ta sauko daga 12 zuwa 9 a Fabrairun 2024, Tarayyar Turai ta sa wa kanta 10 nan da 2030, kuma dokarta ta yarda ƙasa ta cire abin da ya zo daga hamada kafin a yi mata hukunci. A Najeriya hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, ce ke da alhakin ƙa'idojin ingancin iska. Matsalar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita ita ce ƙarancin na'urorin awo a ƙasa, wanda ya sa lambobin da wayoyi ke nunawa a garuruwa da yawa ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta.

Hayaƙin da ke cikin gida

Muhawarar hazo takan rufe wani abu da babu saɓani a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da itace, kara, gawayi, kashin shanu da kananzir ya jawo mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Matar da ta durƙusa tana hura murhu a madafi mara taga, goye da jariri, tana shaƙar ƙananan ƙwayoyi da suka ninka ƙa'ida sau da yawa, kowace rana, da rani da damina. Ire-iren waɗannan mata ne ake gani a asibiti da tsufansu suna fama da toshewar hanyoyin numfashi irin ta mashaya taba, alhali ba su taɓa kunna sigari ba. Tsadar iskar gas kuma tana mayar da gidajen da suka bar itace zuwa gawayi.

Lokacin ɗari yana ƙara wani haɗari. Garwashi a kasko cikin rufaffen ɗaki, ko janareto a zaure ko kusa da taga, suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana manne wa himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hana jini ɗaukar abin da jiki ke buƙata. Tun da kabon dayoksaid bai ƙaru ba, ƙwaƙwalwa ba ta jin alamar shaƙewa, sai dai ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, shi ya sa ake samun iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Na'urar yatsa ta yau da kullum ma ba ta gane wannan guba, takan nuna lamba mai kyau alhali jinin ya cika da ita.

Abin da ya shafi mutane kai tsaye

Ga masu wuni a waje, irin 'yan acaɓa da direbobin adaidaita sahu da 'yan kasuwa da masu shara, tambayar da aka fi yi ita ce ta takunkumi. Amawali ko mayafi ko takunkumin yadi suna tare manyan ƙwayoyi, suna kuma riƙe danshin numfashi a gaban hanci, wanda ke rage bushewa, amma yawancin PM2.5 yana ratsa su. Takunkumin N95 an ƙera shi ya tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, sai dai idan bai zauna daram a fuska ba iska ta gefe za ta bi. Yayyafa ruwa kafin shara, rufe tagogi a ranakun da hazo ya yi kauri, da barin ƙona bola a cikin unguwa suna rage abin da ake shaƙa. Rufe tagogin yana da sharaɗi, wato kada a bar wuta ko garwashi a ɗakin. Mai asma da likita ya rubuta wa maganin shaƙa na rigakafi ya fi buƙatarsa a wannan lokaci, kuma ba daidai ba ne abin da ake yaɗawa cewa wanda ya fara amfani da shi ba zai iya rabuwa da shi ba ke nan.

Yara su ne suka fi shiga haɗari, saboda dalilai na ƙirar jiki. Jariri sabon haihuwa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, idan aka kwatanta da nauyinsa yana shaƙar iska fiye da babba, hanyoyinsa kuma sirara ne, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya tsuke su. Jakunkunan iskarsa suna ci gaba da ƙaruwa bayan haihuwa, kuma huhu ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai shekara 20 zuwa 25, saboda haka abin da ya tauye shi da ƙuruciya yana iya binsa har girma. Ciwon nimoniya, wanda ke cika jakunkunan da ruwa da mugunya ya hana oksijin ratsawa, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a duniya a 2019, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan wannan asara.

Akwai gwajin da uwa za ta iya yi da agogon waya. Idan yaro yana tari, a jira ya natsu, a ɗaga rigarsa a ƙirga tashin ƙirjinsa na minti guda cif. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bi shi ne sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, sau 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Wanda ya kai wannan adadi, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa, ko ya kasa shan nono, asibiti yake buƙata a ranar, domin ya wuce abin da za a kira mura ko sanyi. A asibiti za a maƙala masa na'urar yatsa, kuma idan lambar ta yi ƙasa da 90 ƙa'ida ita ce a sa masa oksijin. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa na'urar takan ɗan ƙara lamba ga masu baƙar fata, ta ɓoye ƙarancin oksijin kusan sau uku fiye da yadda take yi ga fararen fata, saboda haka ma'aikacin lafiya ba ya dogara da ita kaɗai, yana haɗawa da abin da idonsa ya gani a ƙirjin yaron. Ƙananan asibitoci da yawa a karkara har yanzu ba su da na'urar ko tukunyar oksijin, kuma wannan giɓi ne ya sa Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a Mayun 2023 yana neman kowace ƙasa ta tsara yadda oksijin zai wadata a cibiyoyin lafiyarta.